Tsakanin Ganau da Jiyau: Wa Za Mu Gaskata a Yammacin Zamfara?

Ranar Juma'a 26 ga Fabrairun 2021, kafin rana ta faɗi, duniya ta gama jin cewa 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai mata 317 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara. Daga bakin rundunar 'yan sandan jihar adadin ya fito, saboda haka babu gidan rediyo ko jaridar da ta tsaya wata-wata. Ranar Lahadi sai ga labari ya karaɗe wayoyin jama'a cewa an sako yaran, har wasu jaridun intanet suka ɗauka, sai da gwamnati ta fito ta ce ba haka ba ne. Ranar Talata 2 ga Maris aka shigo da su Gusau da gaske, aka ƙirga, aka sami 279. Bayanin da hukuma ta yi shi ne, wasu daga cikin waɗanda aka lissafa da farko sun tsere ne cikin daji a daren harin, ba a tafi da su ba.

Ba lallai ne a sami wanda ya yi niyyar ƙarya a cikin waɗanda suka ba da 317 ɗin ba. Wanda ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai da safe ya tarar da gadaje wayam, ga iyaye suna kuka a bakin ƙofa, abin da zai yi shi ne ya cire yaran da ya gani daga jimillar da ke rajista, ya faɗi abin da ya rage. Amma tazara irin ta 38 ɗin nan ita ce abincin masu musu a Facebook. Wannan zai ce an bar yara a daji ana ɓoyewa, wancan ya ce tun farko maƙiya ne suka zuzuta adadin don a kunyata gwamna. Da wuya ka ga na ukun da zai tambayi abin da ya kamata: wanda ya ƙirga ɗin, da me ya ƙirga, kuma yaushe?

Akwai dalilin da ya sa musun ya fi zafi a wannan yanki. Garuruwa uku maƙwabtan juna, kowanne ya fitar da gwamna. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019, Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Kowanne yana da jama'a, kuma a cikin jama'ar akwai samarin da aikinsu ke nan, waya a hannu, ana zuba musu data suna kare maigida. Manyan kuwa yau suna tare, gobe sun rabu. Matawalle ya hau mulki a PDP bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Mayun 2019 da ya soke ƙuri'un APC a jihar, sannan a Yunin 2021 ya koma APC ɗin. Shafin da jiya yake kiran wani maƙaryaci, yau shi ne ke yi masa kirari. Sakamakon haka tambayar “wa ya faɗa?” ta rikiɗe ta koma “yaron wa ne?” Da zarar an gano gidan da mai magana yake cin abinci, shari'a ta ƙare: in namu ne gaskiya ya faɗa, in nasu ne sharri ne. Sanin gidan da mutum yake ci yana da amfani, ba na musun wannan, domin yana nuna maka ɓangaren da zai karkata. Abin da ba ya nuna maka shi ne ko abin ya faru. Ɗan adawa yakan faɗi gaskiya idan gaskiyar za ta ƙona abokin hamayyarsa, kuma a irin wannan lokaci shi kaɗai ne ma zai faɗe ta.

Ɗauki saƙon murya na WhatsApp, wanda shi ne jaridar mafi yawan mutanenmu tunda ba ya buƙatar iya karatu. Ka zauna teburin mai shayi a Bakura bayan isha'i, sai wani ya zaro waya mai tsagaggen gilashi, ya jingina ta da gwangwanin madara, ya ƙure murya. Mai magana zai fara da sallama, ya yi salati, sannan ya ce, “Jama'a, wallahi tallahi da idona na gani.” Yana haki, ana jin ƙarar babur a bayansa. Ya ce jiya da dare sun shigo, kowane babur da goyon biyu. Ya rufe da roƙon duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa don Allah. Sake saurare da kunnen natsuwa. Bai faɗi sunansa ba. Bai faɗi gari ba, sai dai “nan wajenmu”. “Jiya da dare” kuwa ba kwanan wata ba ne. Saƙon da aka ɗauka bara a ƙasar Shinkafi zai iya tayar da ƙauye a ƙasar Bakura bana ba tare da an taɓa masa ko harafi ba. Idan wani dattijo a kan benci ya ce, “Kai yaro, wa yat turo maka wanga?” amsar ba ta wuce, “Baba, cikin guruf nig gane shi.” WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019, kuma yana sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo, amma mutum nawa ne a bencin nan aka taɓa gaya wa ma'anar kibiyar?

Duk da haka wanda ya ce a yi watsi da irin waɗannan saƙonni bai san ƙauye ba. Inda babu ofishin 'yan sanda kusa, saƙon “ga su nan sun doso” ya sha fitar da mata da yara kafin a iso musu. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne saƙon gargaɗi da saƙon zargi. Na gargaɗi, in ka gaskata shi ya zama ƙarya, asararka kwana a gona cikin sauro da firgici, kuma kiran waya ɗaya zuwa ga wani sananne a garin da aka ambata yakan warware shi. Na zargi fa? Hoton mutum ne ake liƙa wa kalmar “infoma” a sake shi cikin guruf-guruf. A jihar da dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2022 ta tanadi hukuncin kisa ga masu kai wa 'yan bindiga bayani, kuma inda 'yan sa-kai suka sha yanke hukunci a bainar kasuwa ba tare da alƙali ba, wannan kalma tana iya zama likkafani. Infoma gaskiya ne akwai su, kowa ya sani. Amma rikicin gona, bashi, kishi da neman sarauta duk suna iya sanya rigar wannan zargi. Hujjar da ta isa ta sa ka gudu ba ta isa ta sa ka nuna mutum da yatsa ba. Mu kuwa sau da yawa da ma'auni ɗaya muke auna su biyun.

Sai hukuma. A farkon Janairun 2022 aka kai hare-hare kan ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin suka gaya wa 'yan jarida cewa an kashe kimanin mutum 200. Gwamnatin jihar ta ce 58 ne, bisa rahoton da ta samu daga sarakunan ƙasashen biyu. Mai saurin hukunci zai ce dole ɗaya ya yi ƙarya, kuma ba ni da shakkar cewa gwamnati, kowace iri, ta fi son ƙaramin adadi, kamar yadda wanda aka ƙona wa gari ya fi son duniya ta ji girman abin da ya same shi. Amma ko babu son zuciya, ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Rahoton da ya bi ta hannun mai unguwa zuwa hakimi zuwa sarki, gawar da aka yi wa salla yake ɗauka. Mutumin da ya gudo da rigar jikinsa kuwa duk wanda bai gani ba tun daren ya sa shi a lissafi. Wasu daga cikin waɗannan za su bayyana bayan kwana uku a gidan dangi, wasu kuma sai bayan mako a tsinci gawarsu a daji, lokacin da 'yan jarida sun riga sun juya ga wani labarin. Adadin hukuma yakan zama ƙasan lissafi, na wanda abin ya shafa yakan zama samansa. Mai hankali zai riƙe duka biyun, ya faɗi mai kowanne, kada ya haɗiye ɗaya ya tofar da ɗaya don kawai ya dace da jam'iyyarsa.

Wannan matsala ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba, kuma babu inda ya fi mu saninta. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen mutanen ƙasar Maradun, aikin shimfiɗa filayen ban-ruwa ya hana manoma da yawa noma, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suka dogara da ita. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Mutum nawa suka mutu? Adadin gwamnati bai kai talatin ba. Adadin da ya yaɗu a bakin manoma, 'yan adawa da masu bincike ya haura 380. Malaman jami'a sun yi rubutu a kai, cikinsu har da Bjorn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar da kimiyyar siyasa a Zariya. Amma har yau in ka tayar da zancen, kowa adadin da ya gada yake maimaitawa, wanda gidansu 'yan NPN mai mulki a lokacin ne da nasa, wanda gidansu 'yan adawa ne da nasa. Bambancin Jangebe da Bakolori shi ne a Jangebe akwai rajista. Kowace yarinya tana da suna, aji da uba, don haka cikin kwana huɗu adadi ya zauna. A Bakolori ba a ajiye wa jama'a jerin sunayen da kowa ya amince da shi ba, sai musu ya gaji musu fiye da shekara arba'in.

Daga nan nake ganin ma'aunin da ya fi kowanne amfani. Kafin ka dubi girman mai magana, dubi ko maganarsa tana da inda za a kama ta: sunan gari, rana, sunan wanda abin ya shafa ko na wanda ya yi masa salla. Labarin da ya zo da waɗannan ya ba ka damar ƙaryata shi, kuma mai ƙarya ba ya son ba da wannan dama. Shi ya sa ƙanzon kurege yake son “wani ƙauye”, “wani babban jami'i”, “majiya mai tushe”. Mai sayen hatsi a kasuwar Talata Mafara ba ya tsayawa ga na saman buhu, sai ya cusa hannu har gwiwa ya damƙo na ƙasa, kuma in mai kaya ya hana shi cusa hannu ya riga ya san abin da ke ciki.

Dattawanmu da ke rungume da rediyo suna da hujja idan suka ce su sai sun ji a BBC. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, kuma shi da takwarorinsa na Jamus da Faransa suna da abin da saƙon murya ba shi da shi: wakili mai suna, edita a bayansa, al'adar neman jin ta bakin ɗaya ɓangaren, da kunyar a kama su da kuskure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a lura da yadda rahoton yake zuwa. Wakilin yana Gusau, ko Sakkwato, ko Abuja, hanyar ba ta shiguwa, sai ya kira “wani mazaunin yankin da ya nemi a sakaya sunansa”. Ke nan ƙarshen igiyar dai mutum ɗaya ne da waya a hannu. Bayan awa biyu jaridun intanet goma sun kwafe, kowace ta sauya kanun labarin, sai mai musu ya jero maka su goma ya ce ga hujja ta taru. Ba ta taru ba. Majiya ɗaya ce ta sa riguna goma. Shaida biyu sai in kowanne da ƙafarsa ya je, da idonsa ya gani, ba daga bakin ɗan'uwansa ya ɗauka ba.

An ga iyakar wannan a watan Satumbar 2021. Cikin 'yan makonni an shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura a tsakiyar Agusta an tafi da ɗalibai da ma'aikata, sannan ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya, ƙasar Maradun. Kwana biyu bayan haka hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a duk faɗin jihar bisa buƙatar gwamna. An rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran wurare suka ci gaba da zama cikin shiru na tsawon makonni. Mutum kan hau mota har Sakkwato don ya kira ɗansa. Abin lura shi ne labarin Zamfara bai ragu a Facebook ba a wannan lokaci, ƙaruwa ma ya yi. Waɗanda ke cikin jihar ba su da bakin magana, waɗanda ke Kaduna da Abuja kuwa kullum da “ɗumi-ɗumi” da hotunan gawarwakin da aka ce na ɓarayin daji ne, har masu tantance labarai suka gano wasu daga ciki tsofaffi ne daga wasu wurare. Tambaya ɗaya ta isa ta tsayar da rabin waɗannan: malam, tunda babu sabis a can, ta ina hoton ya fito?

Hoto shi ne ya fi yaudara, saboda mun taso da cewa gani ya kori ji. Hoto yana nuna cewa abu ya faru, amma ba ya faɗin wuri ko rana, rubutun da ke ƙarƙashinsa ne ke faɗa, kuma rubutun kowa na iya yi. A Yulin 2010 wata tankar mai ta fashe a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mutum fiye da 200 suka ƙone. Hotunan gawarwakin nan sun yi shekaru suna dawowa a matsayin kisan gilla a Nijeriya, kowane rikici da sabon taken da za a liƙa musu. Wani binciken BBC na 2018 ya nuna yadda hotunan da aka yaɗa lokacin rikicin Gashish a jihar Filato, cikinsu da bidiyon da aka ɗauka a Kwango Barazabil tun 2012, suka hura wutar ramuwar da ta ci rayukan matafiya. Mai babbar waya zai iya sa hoto a Google Lens ya ga inda ya taɓa fitowa, minti ɗaya ya isa. Cibiyoyi irin su Dubawa suna fitar da binciken tantancewa da Hausa. Yanzu kuma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya kwaikwayon muryar mutum, “ai na ji muryarsa da kunnena” ta rage nauyi, ko da muryar malamin da ka fi sani ce.

Akwai wata majiya da ba a son ambata, wato su kansu 'yan bindigar. Suna da waya, suna sakin bidiyo, suna hira da 'yan jarida. A 2022 BBC ta fitar da wani fim na bincike wanda Yusuf Anka, ɗan jihar nan, ya shiga daji ya tattaro. A ciki wani jagoran 'yan bindiga ya ce an biya naira miliyan 60 kafin a sako 'yan matan Jangebe, alhali gwamnati ta dage cewa ba ta biya ko sisi ba. Wa za a gaskata? Gwamnati tana da dalilin musantawa, domin amsa biyan fansa gayyatar wani satar ne. Ɗan bindiga yana da dalilin faɗa ko da ba a biya ba, domin yana ƙara masa kwarjini a daji, ya zubar da na hukuma. Gaskiyar da za a iya riƙewa a nan ita ce an yi iƙirari, an kuma musanta, kuma babu ɓangaren da ya kawo takarda. Faɗin haka ba tsoro ba ne, iyakar abin da ke hannu ke nan. Abin takaici, martanin hukuma bai zama kawo hujja ba. Hukumar kula da kafofin yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar saboda nata fim ɗin kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka haska na BBC. Haka zancen mutuwar manyan daji yake. An sha shelar kashe Abubakar Shekau yana dawowa a bidiyo kafin ya mutu da gaske a 2021, kuma an sha yi wa jagororin dajin Zamfara irin wannan jana'izar ta baki. Da aka kashe Halilu Sububu a Satumbar 2024, abin da ya zaunar da labarin ba ƙarfin sanarwa ba ne. An ga gawa, waɗanda suka san shi sun shaida, kuma kwanaki suka wuce bai fito ya ƙaryata ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa iya wannan aiki. Yaron da ya yi Islamiyya ya san aya ta shida a Suratul Hujurati, wadda ta yi umarni da bincike kafin a ɗauki mataki a kan labari. Ya san malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya: wane ne shi, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, yaya riƙonsa, an taɓa kama shi da ƙarya? Sun ma san mutum na iya zama salihi mai tsoron Allah amma mai mantuwa, sai su girmama shi su ajiye ruwayarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara har ya zauna a Faru, ya rubuta salsalar malaman da ya karɓi ilmi daga gare su, ƙanensa Abdullahi ma ya yi littafi sukutum a kan nasa malaman. To amma mutumin da zai tsare ka da “wa ya ruwaito?” in ka kawo hadisi, shi ne zai tura wa guruf biyar labarin an kashe mutum hamsin ba tare da ya san ko sunan mai maganar ba. Mun killace ilmin a masallaci, mun bar waya ba mai tsaro.

Ibn Khaldun ya ƙara wani mataki tun ƙarni na 14. A gabatarwar tarihinsa ya nuna cewa ingancin mai ruwaya kaɗai bai isa ba, sai an auna labarin da yadda duniya take tafiya. Ya ɗauki adadin mayaƙa 600,000 da masu tarihi irin su Mas'udi suka ba Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, ya tambaya: wane fili zai ɗauke su, kuma zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka cikin 'yan tsararraki? Irin wannan tambaya ba ta buƙatar data. In an ce an hallaka ɗaruruwa a wuri ɗaya, ina aka binne su, wa ya haƙa, wane asibiti ya karɓi masu rauni? In an ce jirgi mai saukar ungulu yana sauka daji yana kawo makamai yana kwasar zinari, zancen da ya yi ƙarfi har gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar jihar a Maris na 2021, wane jirgi, wace lamba, daga wane filin ya tashi? Tambayar ba ta nufin abin bai faru ba. Tana nufin wanda ya ce ya faru shi ke da sauran aiki.

Kuma kada a ɗauka mai takarda da biro ya tsira. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi wani nazari a kan Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Katsina a shekarun 1850, wanda Turawa suka ɗauki rubutunsa kamar yankan wuƙa saboda ganau ne. Bala Usman ya nuna cewa sai an tambayi halin da Barth yake ciki a Katsina, su wa yake zama da su, su wa ke ba shi labari, da irin tunanin da ya taho da shi daga gida, kafin a san nauyin da za a ɗora wa maganarsa. In an yi wa Barth wannan tankaɗe, ban ga dalilin da zai sa a ɗaga wa rahoton wata ƙungiyar waje, ko sanarwar kakakin soja, ko wani mai mabiya dubu ɗari a TikTok ƙafa ba. Kowace majiya tana da abin da ta sani da abin da take zato. Manomi ya fi kowa sanin wanda aka kashe a gonar maƙwabcinsa, amma bai san abin da aka tattauna a gidan gwamnati ba. Kwamishina ya san abin da aka tattauna, bai san gonar ba.

Masu mulki kan ce maganin duk wannan doka ce, a kama masu yaɗa ƙarya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe yana hannu, kuma 'yan jarida da masu suka sun ɗanɗana shi. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu gidajen rediyo da talabijin a Gusau, har da NTA da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Wanda ya ga haka ba zai miƙa wa gwamnati, ta yau ko ta gobe, ikon yanke wace magana ce gaskiya ba. Rashin yardar jama'a ma ba daga sama ya faɗo ba. Lokacin da Zamfara da Kano suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, jita-jitar da aka yaɗa a kan maganin ba ta da tushe, amma mutane suna tune da gwajin maganin Pfizer a kan yaran Kano a 1996, wanda gaskiya ne ya faru. Hukumar da take son a daina sauraron saƙon murya sai ta riga shi faɗin gaskiya, da sunaye, ko da gaskiyar ba ta yi mata daɗi ba.

Sunayen nan kuwa ba sai mun jira Gusau ko Abuja ba. Limamin da ya yi sallar gawa ya san wanda ya sallata. Mai unguwa ya san gidan da aka ɗauki mutum da ranar da ya dawo. Littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya a kowane gari, a riƙa sa suna, rana da wuri, zai fi sanarwa ɗari amfani ga duk wanda zai yi musu ko shari'a ko tarihi nan gaba. Talata Mafara tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha, Bakura tana da kwalejin aikin gona. Ina kira ga malaman waɗannan makarantu su tura ɗalibansu su tattara waɗannan sunaye gari-gari, su kuma fara da tsofaffin Birnin Tudu da suka ga abin da ya faru a 1980 da idonsu, tun suna da rai.